Takardun da Ke Cikin Bangon Adelina

Litinin, 6 ga Afrilu, 1942, bayan sallar asuba

Da sunan Allah nake buɗe wannan littafi, ko da yake ba don wannan na saye shi ba. Na saye shi ne don rubuta zannuwan gadon bana, kamar yadda nake yi duk shekara idan ƙanƙarar tafki ta narke. Bana babu zannuwa. Wasiƙar kamfani ta zo ranar Asabar: gwamnati ta karɓi jirginmu na ruwa, Adelina, sojan ruwa za su yi aikin yaƙi da ita, ma'aikata su je ranar Laraba su kwashe kayansu.

Shekara goma sha bakwai ina kula da ɗakin zannuwa a jirgin nan, daga Toledo zuwa Buffalo, daga Buffalo zuwa Toledo. Maigidana Abu Nayif kuwa kafintanta ne tun kafin in fara. A irin wannan mako, da tuni mun fito da katifu sun sha iska.

Yaya Hasiba, yayarsa, ta hawo daga kantinta na ƙasan benenmu da kofi, ta karanta wasiƙar a tsaye.

"Allah ya raka taki gona," in ji ta. "Shekara goma sha bakwai kina wanke aman mashaya. Sauko kanti ki taya ni awo."

Ba ta san abin da ke cikin bango ba.

Laraba, 8 ga Afrilu, bayan la'asar

Na je. An kewaye tashar gyaran jirage da waya, an sa soja a ƙofa. Ɗaya ya raka ni har ɗakin zannuwa, ya tsaya yana kallona ina ninke dardumata. Minti ashirin aka ba kowa. Na roƙa a bar ni in hau saman bene, ya ce takardata ba ta kai can ba.

A gindin tsani na haɗu da Kaz, mutumin Poland, abokin aikin Abu Nayif na tsawon shekaru. Shi an riƙe shi a sabon aikin. Ya cire hula.

"Misis Nazira, yaya Gani?" Haka yake kiran Abdul-Gani, sunan yankan Abu Nayif, harshensa bai taɓa ɗaukar sauran ba.

"Da sauƙi."

"Aske ta za su yi," in ji shi, ya nuna sama da haɓa. "Ƙwal. Ɗakuna, falon rawa, matattakalar nan da ni da Gani muka ci baƙar wuya a kanta, duka. Fili za su shimfiɗa mata a ka, masu jiragen sama su koyi sauka. Tsohuwa za ta yi sanƙo da tsufanta."

"Katakon fa?"

"A zurara shi cikin kwale-kwale, a kai jujin bayan mayanka, a banka masa wuta da ƙasusuwan aladu."

Sai da na dafa ƙarfen tsanin.

Bari in rubuta sau ɗaya, ko zuciyata ta ɗan sauka. A cikin bangon ɗaya daga ɗakunan sama akwai Alƙur'anin mahaifin Abu Nayif, rubutun hannunsa, wanda muka zo da shi daga ƙauyenmu na Biƙa. Ɗinkinsa ya mutu, ya koma falle-falle, gefensa na marmashewa. Lokacin muna haya a gidan wata mata mai karnuka biyu da ke shiga ko'ina, ba mu da ko taki ɗaya na ƙasar kanmu da za mu binne shi. Da sanyin 1927, yana gyaran ɗakunan sama, sai ya naɗe shi a koren ƙyalle, ya ƙara da wanda ruwa ba ya ratsawa, ya sa shi a bayan katako can sama inda ƙafa ba ta kaiwa, ya mayar da ƙusa. Ya ce sai mun koma gida, mu binne shi kusa da mai shi.

Ya zo zai faɗa mini lambar ɗakin, na toshe kunnuwana. Na ce in na sani ba zan iya shimfiɗa wa mashayi gado a ɗakin ba, aiki kuwa ba ya zaɓen ɗaki.

Ɗakunan sama ɗari da arba'in ne. Ni na ce kada ya faɗa.

Alhamis, 9 ga Afrilu, hantsi

Daga tagar kicin ana jin gudumarsu. Na rufe tagar. Ana ji.

Lahadi, 12 ga Afrilu, kafin magariba

Bas biyu ake hawa zuwa can inda ake jinyar Abu Nayif. Awa ɗaya suke bayarwa, daga biyu zuwa uku, ranar Lahadi kawai. Tun watan azumin bara yake wurinsu. Abin da ya kai shi ba zan rubuta ba.

Sun sake aske masa gemu. Na yi wa ma'aikaciyar magana a hankali, ta ce dokar likita ce. Yana zaune a gefen taga, yana bin bakin tebur da tafin hannu, kamar yadda yake yi wa katako in ya gama gogewa. Na kai masa ganyen inabi da aka naɗe shinkafa a ciki, ya ci uku.

Na ce, "Abu Nayif, littafin Baba. Wane ɗaki ne?"

Ya kalli takalmina.

Na sake tambaya. Na kawo masa labarin sanyin shekarar, da koren ƙyallen, da matar nan mai karnuka. Hannunsa bai daina bin tebur ba. Da aka buga ƙararrawar tashi ya ɗago, ya ce da ni a cikin ladabi, kamar wata fasinja:

"An ɗaure igiya?"

Na ce an ɗaure.

Talata, 14 ga Afrilu, bayan azahar

Na gaya wa Yaya Hasiba. Sai da na jira kanti ya zama babu kowa. Tana auna alkama, ludayin ya tsaya a hannunta.

"Littafin Baba? A jirgin 'yan rawa?"

"A sama ne, Yaya. Inda ba a takawa."

"Shekara goma sha biyar duk Sallah ina hawowa in sumbaci akwatin nan na ƙarƙashin gadonku. Ashe barguna nake sumbata."

"Barguna da rigar aurena."

"Ki yi mini shiru." Ta zauna a kan buhu. Can ta ce, "To yanzu me kike shirin yi, Ummu Nayif? Na san idon nan naki."

Na ce ina tunanin in je wurin babban sojan tashar in faɗi gaskiya, su nema su ba ni.

"Gaskiya. Ki ji ni da kunnen basira. Rubutun da ba wanda ya iya karantawa, ɓoye a bangon jirgin yaƙi. Mai burodin nan Bajamushe na kan kwana, rediyo kawai aka gani a ɗakinsa, yau wata huɗu matarsa na yawon tambayar inda yake. Ke ko takardar zama 'yar ƙasa ba ki da ita. Kuma su je su tsare ƙanena da tambaya a inda yake? Bar shi. Ƙonawa ma ai malamai sun yarda da ita."

"Da ladabi suka ce, Yaya. A wuri mai tsarki. Ba a kan juji ba."



"Allah ya isa tsakanina da ku biyun," in ji ta, sannan ta naɗe mini burodi biyu masu zafi ta tura mini.

Alhamis, 16 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Na tsare Kaz a tashar bas bayan sun tashi. Na faɗa masa duka. Ban taɓa yi wa namijin da ba nawa ba doguwar magana irin haka ba.

Ya sosa ƙeya. "Gani, Gani. Kullum ina cewa mutumin nan akwai abin da ya ɓoye a jirgin nan, ni na zaci kwalba ce."

"Mista Kaz."

"Wasa nake, Misis. Ji nan. Kada ki je ofis. Daga baya suka fara ɓamɓara, falon rawa tukuna, ɗakuna sai nan da mako biyu ko uku. Ki samo mini lamba kawai. Lokacin cin abinci in zare katako, in sa a gwangwanin abincina, in fito da shi. Mai gadi ba ya buɗe gwangwanin tsoho."

Na yamutsa fuska. Ya ce mene ne. Na tambaye shi abin da matarsa ke sa masa a gwangwanin.

Ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. "Naman alade, Misis. Kullum ta Allah, shekara talatin."

Na ce zan sayo sabo. Ya ce to, shi bai taɓa jin ɓarawon da aka saya wa jakar sata ba. Na ce ba sata ba ce. Ya daina dariya, ya ce ya sani.

Lahadi, 19 ga Afrilu

Na je. Abu Nayif bai ɗago ba.

Laraba, 22 ga Afrilu, da rana tsaka

Na goge labulen falo sau biyu. Na goge rigunansa da ba wanda zai sa. Daga nan na sa mayafi na tafi kan gada.

Falon rawa babu shi. Ana hango cikinta kamar haƙarƙarin rago. Manyan wilolin gefe an shafe su da fenti ruwan toka, sunanta ma an shafe, amma in rana ta haska ana ganin inuwar harufan. Kwale-kwalen shara na manne da gefenta na hagu. Ina tsaye aka zuro wata ƙofa ta faɗa ciki, har da lambarta ta tagulla. Nisa bai bar ni na karanta ba.

Wani ɗan sanda ya ce an hana tsayuwa a kan gada yanzu. Na ba shi haƙuri.

Na sayi gwangwanin. Na ɗinka masa farar jaka a ciki, na turara ta.

Lahadi, 26 ga Afrilu, bayan la'asar

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Yau ban kai abinci ba. Na kai masa fensirinsa na aiki, mai faɗin nan da yake saƙalawa a kunne, da farar takarda. Ban yi tambaya ba. Na ajiye kawai, na zauna ina karanta masa abin da ya sawwaƙa a ƙasan murya, surorin da Baba yake so.

Ya ɗauki fensirin, ya sansana. Ya saƙala a kunne. Ya sauke. Na ci gaba da karatu, ban dube shi ba, don kada in kore abin da ke zuwa. Da na kai aya na ce, kamar mai magana da kaina, "Ko a wane ɗaki muka ajiye shi."

Na ji fensir na tafiya.

Sittin da biyar. Rubutun a fili yake. Ya ja layi a ƙarƙashi, yadda yake yi in ya gama awo.

Na sumbaci hannun. Ya janye, ya goge a rigarsa. Ba komai.

Litinin, 27 ga Afrilu, da safe

Na kai gwangwanin ƙofar tasha kafin su shiga. Takardar na ciki, ita kanta wadda ya rubuta. Ban so in kwafe ba, gani nake hannunsa ne ya kamata ya nuna wurin. Soja na tsaye kusa da mu, don haka ban ce komai ba sai, "Ka manta abincinka." Kaz ya ce, "Allah ya bar mana mata," ya shige.

Ƙarya ce na yi a gaban sojan. Ƙarama ce, amma ƙarya ce. Na yi istigfari har gida.

Laraba, 29 ga Afrilu, magariba

Halina, matar Kaz, ta leƙo kanti, ta sayi sabulu, ta raɗa wa Yaya Hasiba saƙo. Jiya Kaz ya zare bango huɗu na ɗakin, har rufi. Babu komai sai ƙura da sheƙar ɓera.

Yaya ta hawo ta faɗa mini. Ba ta yi gori ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Hankalinsa ba ya nan, Ummu Nayif. Ƙila lambar gidanmu ta dā ya rubuta, ƙila shekarun Baba. Kin yi iyakar yinki."

Ya ja layi a ƙarƙashi. Ni na gani.

Juma'a, 1 ga Mayu, hantsi

Guduma. Na rufe taga.

Asabar, 2 ga Mayu

Iska tun safe. Na share ɗaki, na sake sharewa.

Lahadi, 3 ga Mayu, bayan la'asar

Ban je can ba yau. Karo na farko tun watan azumi. Ina shirin fita Kaz ya zo da kayan coci a jikinsa, ya dawo mini da gwangwanin. Ya ƙi zama, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hula. Yaya Hasiba ta hawo don kada a ce ni kaɗai.

"Ki yi haƙuri, Misis. Na duba har maƙwabtansa, sittin da takwas da saba'in da biyu, ko Gani ya kuskure da ƙofa ɗaya. Shi kansa saba'in ɗin na mayar da shi kamar kaza da aka fige."

Na ce, "Saba'in?"

"Saba'in mana." Ya zaro takardar daga aljihu ya miƙo. "Ga shi, bakwai da sifiri. Har da layi."

Na duba. ٦٥. Da lambobinmu ya rubuta, waɗanda aka koya mana a allo. Shidanmu kamar bakwai ɗinsu yake, biyar ɗinmu kuwa zagaye ne kamar sifirinsu. Shekara ashirin da biyu ina ƙasar nan, ina karanta lambobinsu a kowace ƙofa ta jirgin, amma da na ga hannun mijina ban ga wani abu ba sai sittin da biyar. Ko a raina bai zo ba cewa wani ido zai ga daban.

Yaya Hasiba ta karɓa ta duba, ta ce, "Inna lillahi," ta zauna a kan matakala.

Na yi wa Kaz bayani. Fuskarsa ta yi fari.

"Sittin da biyar a hagu yake. Ba ƙungiyata ke hagu ba. Ranar Juma'a na ga sun kai hamsin da wani abu." Ya mayar da takardar aljihu. "Gobe tun kafin a busa zan shiga."

Da ma da baki na faɗa masa lambar a ƙofa ran nan. Kalma uku. Sojan me zai gane?

Litinin, 4 ga Mayu, ƙarfe huɗu

Halina ta zo ba mayafi, ba ta ko yi sallama ba. Tun ranar Asabar aka rushe sittin da biyar. Wani lebura ya ci karo da ƙunshi, ya kai wa masu gadi. An kuma sami wanda ya ce ya ga Kaz yana zare bangon saba'in tun kafin layi ya kai kansa. Yana shiga da safe suka riƙe shi. Ya ƙi faɗin sunan kowa.

"Jikoki huɗu gare shi," in ji ta. "Ke kin san me ke cikin takardun nan. Shi bai ma sani ba."

Da ta tafi Yaya ta tare ƙofa da jikinta. "In kika shiga wayar tashar nan, wa zai riƙa zuwa wa ƙanena ranar Lahadi? Ni? Ni ko kallona ba ya yi."

Na ce mata ina ji. Na fito da baƙar rigata na goge.

Talata, 5 ga Mayu, bayan magariba

Zan rubuta a jere, don kaina bai gama dawowa ba.

Na gaya wa sojan ƙofa cewa takardun da aka samu nawa ne. Ya dube ni sama da ƙasa, ya buga waya. Aka kai ni wani ofis na katako a gefen ruwa. Laftanan Ostrander sunan mai ofishin, dogo, da jajayen idanu irin na wanda aiki ya danne. Kaz na zaune a kan benci a lungu, an zare masa igiyar takalmi kamar ɗan kaso. Ya girgiza mini kai, wai me ya kawo ni.

Takardun na kan tebur. An baza su. Koren ƙyallen na gefe a yage. Kofin kofinsa na kan falle ɗaya.

Ya ce in zauna, in faɗi sunana. Na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah ka ɗauke kofin tukuna."

Ya dubi kofin, ya dube ni. Ya ɗauke.

Na faɗa masa komai, tun daga matar nan mai karnuka. Ya tambayi inda mijina yake, na faɗi sunan wurin. Ban taɓa furta shi a gaban baƙo ba sai yau. Ya rubuta. Ya zaro takardar da aka samu a aljihun Kaz.

"Wannan ta ce saba'in. Ƙunshin a sittin da biyar aka same shi. Wa ke da na saba'in, kuma ina ya tafi?"

Na roƙi fensir. Na rubuta masa ɗaya zuwa goma da nasu, na rubuta namu a ƙarƙashi. Ya daɗe yana duba shida da biyar. Bai yi dariya ba, amma ya shafa fuska da hannu biyu.

Ya ce maganata kaɗai ba ta isa ba. Tun jiya sun aika a kira wanda ya iya karanta rubutun. Aka shigo da Jirjis tela, Kirista ne, mutumin Zahla ta can ƙasarmu, shagonsa na bayan kantin Yaya. Yana ganina ya ce da harshenmu, "Ummu Nayif, ke ce 'yar leƙen asirin? Yaƙi ya ƙare ke nan." Laftanan ya ce a yi Turanci.

Ga yadda ya tsara: zai zari falle uku da hannunsa daga inda ya ga dama. Ni in juya baya. Jirjis ya karanta layin farko, ni in ci gaba da ka, shi yana bi da ido. In littafin ibada ne kamar yadda na ce, in na san shi, za a gani.

Na ce na yarda, amma a ba ni ruwa.

"Ƙishi kike ji?"

"A'a, ranka ya daɗe. Alwala. Tawa ta karye a hanya saboda tsoro, ina jin kunyar faɗi. Da ka zan karanta, na sani, amma in na gama zan taɓa su."

Kaz ya yi wani tari a lungu. Aka raka ni famfon waje. Leburori suna kallona ina wanke ƙafa a cikin sanyi, ban damu ba.

Da na dawo na tarar Jirjis ya shimfiɗa farin hankicinsa, da shi yake ɗaga takardar. Ban ce masa ya yi ba. Mutumin ƙasarmu ne.

Na juya baya, ina fuskantar taga. Adelina ce a gabana, ba ɗaki ko ɗaya a hagunta, sai ƙarafa tsirara. Na lumshe ido. Falle na farko muryata ba ta fita, Jirjis ya ce in ƙara. Na biyu ya zo da sauƙi. Na uku ban san na wuce shafin ba sai da ya ce, "Ya isa, ta ƙare takardar tun ɗazu, tana cikin wadda ba ka ba ni ba."

Laftanan ya gyaɗa kai, ya ce ya gamsu. 

Laftanan ya ce sai an buga hatimi a kan duk takardar da za ta fita daga tashar. Na ce ya buga a kan ƙyallen. Ya ce doka ta ce takarda. Na miƙa masa wadda Abu Nayif ya rubuta, na ce ga takarda. Ya dube ni, ya buga a kanta.

An mayar wa Kaz igiyar takalminsa. An cire shi daga jirgi, an mayar da shi rumfar katako, ba zai sake hawa Adelina ba. A ƙofa na fara ba shi haƙuri, ya ce, "Misis, gwiwoyina sun daɗe suna roƙon a raba su da tsanin nan. Amma gwangwanin nawa ne yanzu, na sha wuyarsa."

A ƙirjina na rungumo su har gida. Ban hau bas ba, don kada wani ya goge ni.

Alhamis, 7 ga Mayu, bayan azahar

Kwana biyu ni da Yaya muna jera su a kan farin zane. Baba yakan rubuta kalmar farkon shafi na gaba a ƙasan kowane shafi, da ita muke bi. Yaya na kuka tana masifa, wai ko ɗigon harafinsa ba irin na mutane ba ne.

Mun jera sau uku. Falle tara babu. Daga tsakiya, a jere, daidai inda ƙarfe ya yaga ƙyallen.

Juma'a, 8 ga Mayu, da safe

Tara. Ranar Asabar ɗin iska aka yi. Kwale-kwalen shara a hagu yake, ƙarƙashin ɗakin. Bayansa kogi. Ruwa mai gudu malamai sun yarda da shi.

Kogi ko kwale-kwale.

Asabar, 9 ga Mayu, kafin magariba

Na je gidan su Kaz da tiren kibbe, gashin niƙaƙƙen nama da alkama irin na ƙasarmu. Halina ta karɓa, ta sumbace ni a kumatu biyu. Kaz na tsakar gida ta baya yana gyaran keji. Na tambaye shi ko zai iya nemo leburan nan ya tambayar mini inda falle taran suka faɗa.

Bai ɗago daga kejin ba.

"Ba sai an tambaya ba. Kogi."

"Ka tabbata, Mista Kaz?"

"Iska ta ɗauke su sama, suka tsallake kwale-kwalen, suka sauka a ruwa. Kamar tsuntsaye. Tara cif."

Ban faɗa masa tara ba ne sai da na zo. Ranar kuma yana ɓangaren dama, jirgi guda a tsakaninsa da wurin. Ya san na san haka. Ya ci gaba da buga ƙusa, kunnuwansa sun yi ja.

Shekara goma sha bakwai mutumin nan bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Gobe Lahadi. In Abu Nayif ya ɗago, zan ce masa littafin Baba ya dawo gida. In ya tambayi sauran, zan ce Kaz ya ce kogi.